Sankarar mama: me ya sa matanmu ke isa asibiti bayan ciwo ya ci ƙarfinsu?

Me ya sa mace za ta ji ƙullutu a nononta tun yana ɗan ƙarami, amma likitan da ya san aikin ba zai gan ta ba sai bayan watanni, wani lokaci shekara guda ko fiye, sa'ad da abin ya fashe ya zama gyambo? Duk watan Oktoba tambayar nan takan dawo. A ɗaura ƙyalle ruwan hoda, a yi tattaki a manyan birane, gidajen rediyo su cika da kira ga mata su je a duba su. In aka tambayi dalilin makarar, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce: jahilci ne, matanmu ba sa son asibiti.

Akwai ƙanshin gaskiya a amsar, amma ta gajarce, kuma ta ɗora laifin duka a kan wadda ta fi kowa ƙarancin iko a cikin lamarin. Tsakanin ranar da mace ta fara jin ƙullutu da ranar da za a fara yi mata magani akwai ƙofofi da yawa, kuma mafi yawansu ba a hannunta makullinsu yake ba.

Bari mu fara da girman abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata miliyan 2.3 a duniya, kuma ta kashe kimanin 670,000. A Najeriya, ƙiyasin wannan shekarar ya nuna sababbin masu ciwon sun haura 32,000, waɗanda suka rasu kuma sun haura 16,000. Wato duk mata biyu da aka gano suna da shi, ana binne ɗaya. A ƙasashe masu arziki, fiye da tara cikin goma na matan da aka gano suna da ciwon suna nan da ransu bayan shekara 5. Wani babban bincike da ya bi diddigin mata a ƙasashen Afirka biyar, wanda aka wallafa a 2020, ya gano cewa a asibitocin Najeriya da ya shafa, kashi 36 cikin ɗari ne kawai ke raye bayan shekara 3. Ciwon ɗaya ne. Lokacin da aka kama shi da abin da aka yi bayan an kama shi ne suka bambanta.

Abubuwa biyu da ake haɗawa wuri guda

Yawancin ruɗanin yana farawa daga nan, don haka sai a rarrabe.

Na farko shi ne gwajin tantancewa. Wannan ana yi wa mace mai lafiya ne, wadda ba ta jin komai kuma ba ta ga komai ba. Gwamnati takan kira duk matan da suka kai wasu shekaru, a ɗauki hoton nononsu da na'urar mamogiram, wadda ke iya hango ƙarin da hannu bai isa ya ji ba. A Ingila ana gayyatar mata daga shekara 50 zuwa 70 da ɗoriya, duk bayan shekara 3. A Amurka shawarar da aka sabunta a 2024 ta ce a fara daga shekara 40, duk bayan shekara 2.

Na biyu shi ne gano ciwo da wuri. Wannan na macen da ta riga ta ga alama ne: ƙullutu a nono ko a hammata, fatar nono ta loɓa ko ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, jini na fitowa daga kan nono, ko nono ɗaya ya sauya girma da siffa. Aikin a nan shi ne kada a ɓata lokaci wajen sanin mene ne.

Sanin kuwa hawa uku ne. Ma'aikacin lafiya da aka horar ya duba da hannu. A ɗauki hoto, ko sikanin (irin hoton da ake yi wa masu ciki) ko mamogiram. Sannan a sa allura a ɗebi ɗan guntun tsoka daga ƙullutun, a kai ɗakin gwaji, likitan da ya ƙware a nazarin tsoka ya duba ta ƙarƙashin madubin likita. Hawa na uku ne kaɗai ke tabbatar da cewa daji ne ko ba daji ba ne. Kuma abin da ya kamata kowace mace ta ji: mafi yawan ƙullutun nono, kusan tara cikin goma, ba daji ba ne.

In ya tabbata, sai a duba matakinsa. A mataki na 1 da na 2 ciwon bai yi nisa ba, kuma warkewa abu ne da ake sa rai sosai. A na 3 ya kama fata ko ƙirji ko ya cika kaluluwar hammata. A na 4 ya tafi ƙashi, hanta, huhu ko ƙwaƙwalwa, inda magani ke tsawaita rai da rage raɗaɗi amma da wuya ya kawar da ciwon. Wani nazari da ya tattara bincike da dama daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara, a 2016, ya nuna kusan kashi 77 cikin ɗari na baƙaƙen mata suna zuwa ne a mataki na 3 ko na 4.

Matsalarmu ke nan a fili. Ba a kai ga maganar ƙarin da hannu bai ji ba. Wanda ido ke gani ma bai samu kulawa a kan kari ba.

Me ya sa na'ura kaɗai ba za ta fisshe mu ba

Duk lokacin da aka taso da maganar, wani zai ce gwamnati ta sayo mamogiram ta raba wa jihohi. Na'urar tana da amfani, kuma babu babban asibitin da ya kamata ya rasa ta. Sai dai tsarin kiran duk mata a ɗauke su hoto yana buƙatar abubuwan da ba a gani a hoton bikin ƙaddamarwa: wutar lantarki mai tsayawa, injiniyan gyara, likitocin karanta hoto, rajistar da za a san wa aka kira wa ta zo, da hanyar sake kiran wadda aka ga wani abu a hotonta. Shi ya sa ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a inda tsarin lafiya ke da rauni, a fara da gano ciwo da wuri.

Akwai kuma batun shekaru. Matan Najeriya da ke zuwa da wannan ciwo da yawansu 'yan shekara 40 da wani abu ne, kusan shekara 10 ƙasa da na Turai, musamman saboda al'ummarmu matasa ne suka fi yawa. Nonon mace mai ƙarancin shekaru tsokarsa ta fi cika, kuma mamogiram ba ya hango ƙari sosai a irin wannan nono. Sau da yawa sikanin ya fi amfani a gare ta, ya fi araha, ya kuma fi samuwa.

To, mene ne ya yi aiki a ƙasashen da halinsu ya yi kama da namu? Bincike biyu sun cancanci a san su. A birnin Shanghai na ƙasar Sin an koya wa mata ma'aikatan masaƙu sama da 130,000 yadda za su riƙa duba nononsu da kansu a tsare, aka bi su shekaru. Sakamakon da ya fito a 2002 ya nuna mace-mace ba su ragu ba. A Mumbai ta Indiya kuwa, cibiyar Tata Memorial ta horar da mata ma'aikatan lafiya na unguwa, suna duba nonon mata da hannu duk bayan shekara 2, kuma duk wadda aka ji wani abu a jikinta ana kai ta asibiti a yi mata gwaji da magani. Mata sama da 150,000 aka bi na tsawon shekara 20. Da sakamakon ya fito a 2021, an ga ana kama ciwon da wuri, kuma mace-mace sun ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari a tsakanin matan da suka kai shekara 50.

Ba wai darasin shi ne mace ta daina taɓa jikinta ba. A ƙasarmu kusan duk ƙullutun da aka gano, mai shi ce ta fara jin sa. Darasin shi ne hannun da aka horar, tare da buɗaɗɗiyar hanya zuwa asibiti, su ne suka ceci rayuka a Mumbai, ba tare da na'ura mai tsada ba.

Ƙullutun da ba ya ciwo, da maganar ƙarfe

A wajenmu ciwo shi ne abin da ya hana barci ko ya hana aiki. Sankarar mama kuwa a farkonta yawanci ba ta zafi ko kaɗan. Mace na girki, tana sana'arta, tana hidimar yara, don me za ta nemi kuɗin mota zuwa asibiti saboda abin da bai dame ta ba? Lokacin da zai fara zafi, sau da yawa ya riga ya yi nisa.

Ga kuma goyo. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaiciyar mace a Arewa maso Yamma tana haihuwa sama da sau shida. Shekarunta da yawa ke nan tana ɗauke da ciki ko tana shayarwa, kuma a wannan lokaci nono kullum cikin sauyi yake. In ta ji tauri, uwar miji ko ungozoma za ta ce nono ne ya kwanta, a gasa da ruwan zafi. Mafi yawan lokaci gaskiyarsu ce. Amma daji na iya fitowa ga mai ciki da mai shayarwa, kuma taurin da aka yi wa magani sati biyu bai tafi ba, ya wuce maganar ruwan zafi. Shayarwa tana rage haɗarin kamuwa da ciwon, wannan tabbas ne, sai dai ragi ne ba kariya ba. Kusan rabin matan da ke kamuwa ba su da wani dalili da za a nuna, illa kasancewarsu mata da kuma shekaru. Sa kuɗi ko waya a rigar mama, da ake yawan ɗora wa laifi, babu hujjar cewa yana jawo shi.

Sai kuma maganar da ta fi kowace kashe mata: daji ba ya son ƙarfe, daji ba ya son allura. An ce da zarar an taɓa shi da wuƙar likita sai ya fusata ya bazu. Wannan magana ba daga sama ta faɗo ba, kuma wanda ya tsaya zagin masu faɗinta bai fahimci ƙarfinta ba. Ga yadda take samun gindin zama. Mace ta yi shekara tana fama a gida, sai da ciwon ya kai ƙashi aka kai ta asibiti. Aka yi tiyata don a rage wari da zubar jini, bayan wata uku ta rasu. Duk unguwa ta shaida: lafiyarta ƙalau tana tafiya da ƙafarta, suna yanka ta ta tafi. Ita kuwa wadda aka yi wa aiki da wuri ta warke, ta sa hijabinta ta koma harkokinta, ba wanda ya sani sai mijinta da mahaifiyarta, don ba abin da ake shela ba ne. Ka ga mutuwa tana da shaidu, warkewa ba ta da su. Da haka kowace gawa ke ƙara wa maganar ƙarfi, maganar kuma ke jawo wata makarar.

Allurar ɗiban tsoka ba ta baza daji. Abin da ke baza shi lokaci ne. A cikin wannan lokaci ne ake zagaya masu magani, a shafa haɗin da ke cin fata, a yi tsaga ko sakiya, ƙullutun da ke rufe ya koma buɗaɗɗen gyambo. In aka ce jifa ne ko sammu, sai zargi ya koma kan kishiya ko dangin miji, a ƙara wasu watanni ana neman karya abin da babu shi. Wasu masu maganin suna cika kafafen sada zumunta da lasifikar kasuwa da alkawarin warkar da daji cikin kwana kaɗan, kuma babu mai tambayarsu ina waɗanda suka warkar.

Addu'a da asibiti ba sa karo. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma neman magani ba ya rage tawakkali. Malamin da aka kawo wa mace da ƙullutu, ya yi mata addu'a sannan ya ce gobe a kai ta asibiti, ya yi aikin da likita goma ba za su iya ba, domin shi ake fara zuwa wajensa. Haka fasto a coci.

Kunya, izini, da tsoron abin da zai biyo baya

An tarbiyyantar da 'ya mace a kan rufe jikinta, kuma wannan abin yabo ne. Sai ga shi a asibiti da yawa wanda zai duba ta namiji ne, wani lokaci ga ɗalibai tsaye, labule kuma bai rufe ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da halasta likita namiji ya duba mace in larura ta kama, amma halasci daban, iya cire kunya daban. Mutane na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma a nan maganar ta zauna daidai: in duban farko a hannun mace yake, a ɗaki mai ƙofa, rabin wannan shinge ya faɗi.

Na biyu izini. Binciken 2018 da aka ambata ya nuna fiye da rabin matan aure a Najeriya, miji ne ke yanke shawara a kan lafiyarsu, kuma abin ya fi yawa a Arewa. Yawancin maza ba mugunta ke sa su hana ba. Za ta ce, "Maigida, ina jin wani abu a ƙirjina," ya tambaya ko yana ciwo, ta ce a'a, ya ce to a bari a ga ƙarshen wata. Duk shelar Oktoba mata ake yi wa, alhali mai riƙe da kuɗin mota da izinin fita ba a yi magana da shi ba.

Na uku shi ne wanda ba a cika faɗa ba. Mace ta san in aka ce daji ne, mai yiwuwa a cire nonon, kuma tana lissafin me zai rage mata a gidan. Tsoron ba na banza ba ne. Wani bincike da likitocin Zariya suka wallafa a 2010, a kan matan aure da aka cire wa nono, ya gano cewa bayan shekara 3 kusan kashi 38 cikin ɗari aurensu ya mutu ko sun rabu da mazansu. Wadda ta ga abin da ya sami maƙwabciyarta, in ta ɓoye nata ƙullutun, ba jahilci ya sa ta ba. Lissafi ta yi, lissafi mai ɗaci, kuma mu al'umma ne muka ba ta alƙaluman. A nan ya kamata a sani cewa zuwa da wuri ne ke ba da damar a cire ƙullutun kawai a bar nonon, a bi da gashi, wato ƙona ragowar ciwon da hasken na'ura. Jinkirin da ake yi don tsoron rasa nono shi ne ke sa a rasa shi.

Jinkirin da asibiti ke jawowa

Wannan ɓangare ne masu cewa jahilci ne suke tsallakewa. Mata da yawa sun nemi taimako da wuri, aka mayar da su gida.

Zangon farko kemis ne. Mai shago ya ba da maganin ƙwayoyin cuta da na kashe zafi. Sati biyu babu sauyi, a sauya wani. Daga nan asibitin sha-ka-tafi, inda ma'aikacin bai taɓa samun horo a kan duba nono ba, ya ce maruru ne ko ƙari ne mara illa. A wasu ƙananan asibitoci akan yi abin da ya fi wannan muni: a yanke ƙullutun a jefar, ba a aika shi ɗakin gwaji ba. Mace ta koma gida da murna an cire, bayan watanni ya dawo ya fi da girma, kuma an yi asarar damar sanin ko mene ne tun farko. Sai unguwa ta sake cewa ai ƙarfe ne ya taɓa shi.

Wadda ta dace aka tura ta gaba, tafiya ce a gabanta. Ƙwararrun suna manyan asibitoci ne, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, na Jos da na Gombe. Matar ƙauye daga Zamfara ko Yobe sai ta yi doguwar tafiya, a wasu wuraren kan hanyar da ake tsoron 'yan bindiga, da ɗan rakiya, da neman wurin kwana. Yau a yanki kati, wani satin ganin likita, wani satin hoto, wani satin ɗiban tsoka, sannan jiran sakamako, domin likitocin nazarin tsoka kaɗan ne ƙwarai, aikin jihohi da dama kuma a kansu yake. In yajin aiki ya faɗo a tsakani, komai ya tsaya. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate da kansa ya ce kimanin likitoci 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. A kowane zango wasu matan na zubewa, kuma babu mai kiran waya ya tambayi ina suka shiga.

Na'urar gashi ma haka. Cibiyoyin gwamnati da ke da ita ba su da yawa, layi na da tsawo, in ta lalace kuma sai mara lafiya ta nufi wata jihar. An buɗe sababbin cibiyoyi a 2025, ciki har da ta Katsina, kuma wannan ci gaba ne na gaske. A Jamhuriyar Nijar sai a 2021 aka buɗe cibiyar gashi ta farko a Yamai, wadda matar Damagaram ko Maraɗi sai ta yi ɗaruruwan kilomita kafin ta kai.

Kuɗi

Fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita. Gwaje-gwajen tabbatar da ciwon kaɗai sun isa su cinye mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Cikakken magani, tiyata da kemo (magungunan kashe ƙwayoyin daji) da gashi, maganar miliyoyi ce, musamman tun da darajar naira ta faɗi daga 2023, ga shi magungunan daga waje ake shigo da su. Akwai nau'in ciwon da ke buƙatar allurar trastuzumab ta tsawon shekara guda, wadda ko ma'aikaci mai albashi mai kyau sai ya nemi taimako. Akan sayar da awaki, da kayan ɗaki, da gona, a yi kemo zagaye biyu ko uku, kuɗi ya ƙare a tsakiya.

Saboda haka in mace ta ce, "Me zan je nema, in sun gano ma ba mu da abin magani?" tambaya ce ta mai hankali, kuma duk mai kiran mata zuwa gwaji dole ya tanadi amsarta.

Akwai ƙoƙari. A 2021 gwamnatin tarayya ta fara asusun tallafa wa marasa galihu masu ciwon daji na mama, na bakin mahaifa da na prostate (ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza), a asibitoci shida, ciki har da na Zariya, na Gombe da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa. An kafa cibiyar ƙasa ta bincike da maganin ciwon daji, NICRAT. Amma asusun ƙarami ne in aka gwada da yawan mabuƙata, yana taimakon wadda aka riga aka tabbatar da ciwonta ne, kuma mafi yawan matan karkara ba su da inshora, ba su ma taɓa jin labarin asusun ba. Kason lafiya a kasafin kuɗin tarayya har yau yana yawo a kusa da kashi 5 cikin ɗari, nesa da kashi 15 da shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja a 2001.

Wayar da kai ko gyaran hanya?

Masu aiki a wannan fage sun kasu. Wasu na ganin a ƙara shela da gwajin kyauta a unguwanni, domin in mata ba su fito ba, gyaran asibiti ba shi da wanda zai amfana. Ƙungiyoyi irin su BRECAN, wadda Betty Anyanwu-Akeredolu ta kafa a 1997 bayan ta warke daga ciwon, da gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, sun yi shekaru suna fasa shirun da ke kewaye da ciwon, kuma ba don irinsu ba da har yanzu ba a iya ambatonsa a bainar jama'a. Wasu kuma na cewa tara mata a duba su, a ce wa ashirin suna da ƙullutu, a miƙa musu takarda a naɗe rumfa a tafi, tsoro kawai aka raba.

Ra'ayina ya fi karkata ga na biyun, ba don shela ba ta da amfani ba, sai don an fi yin ta saboda ta fi sauƙi. Duk taron gwajin kyauta, kada a auna shi da yawan matan da suka zo. A tambaya: cikin waɗanda aka ji wani abu a jikinsu, nawa aka ɗebi tsokarsu, nawa suka karɓi sakamako, nawa suka fara magani?

Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya ba da ma'auni uku da kowace jiha za ta iya gwada kanta da su. Aƙalla kashi 60 cikin ɗari na masu ciwon a gano su a mataki na 1 ko na 2. Daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti zuwa ranar da aka tabbatar da abin da ke damunta, kada ya wuce kwana 60. Kuma kashi 80 cikin ɗari su kammala magani. Na tsakiyar nan shi ne wanda gwamnan jiha zai iya cimmawa ba tare da jiran Abuja ba: a horar da nas-nas da ungozomomi da ma'aikatan lafiya mata a kowace ƙaramar hukuma, a ware rana guda a mako a manyan asibitocin jiha da za a yi duba da sikanin da ɗiban tsoka a zama ɗaya, jiha ta ɗauki nauyin kuɗin gwajin tsokar, a kuma naɗa mutum guda mai littafi da waya wanda aikinsa bin sawun kowace mace har ta karɓi sakamako.

Akan ce a haɗa duban nono da awon ciki da rigakafin yara. Shawara ce mai kyau, amma tana da giɓi: matar da ta haura 45, wadda haɗarinta ya fi yawa, ta daina zuwa awo. Ita sai a same ta a Islamiyyar matan aure, a tarukan ƙungiyoyi irin su FOMWAN ta mata Musulmi, a zumuntar mata a coci, a gidan suna da biki. Mijinta kuma a same shi a masallacin Juma'a da majalisa.

Kafin gwamnati ta motsa

Akwai abin da ke hannun gida. Duk ƙullutu ko sauyin da ya wuce sati biyu, ko yana ciwo ko ba ya yi, ko da goyo ko babu, a wuce kemis a tafi babban asibiti. In an ba da magani bai tafi ba, a koma, a nemi hoto da ɗiban tsoka, kada a ji nauyin likita. In an ce za a yanke wani abu daga nono, a tambaya tun kafin a shiga ɗakin tiyata ina za a kai shi gwaji, a kuma karɓi sakamakon a rubuce a adana. In daji ne, a tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin game da asusun tallafi tun ranar farko, kafin a fara sayar da kadara.

Wadda mahaifiyarta, ko 'yar uwarta ciki ɗaya, ko 'yarta ta yi sankarar mama ko ta ƙwan mahaifa, musamman da ƙuruciya, ta faɗa wa likita ko da ba ta jin komai, domin irin wannan gida ana fara sa musu ido da wuri. Tarihin dangin uba ma yana cikin lissafi. Maza su ma suna kamuwa, kusan ɗaya cikin ɗari na masu ciwon, don haka namijin da ya ji tauri a bayan kan nononsa shi ma ya je a duba shi.